Daga Idon Tsofaffi Zuwa Na'urar Yatsa: Yadda Ake Auna Tsananin Ciwo a Ƙasar Daura

A Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, ba ka zuwa dubiya mara lafiya ya ce maka jiki ya yi tsanani. Ko magana da ƙyar take fita, amsarsa ɗaya ce: da sauƙi. Masu jinya ma haka za su ce. Kai kuma ka ce Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne, ka ajiye ɗan abin da ka riƙo, ka tashi. Baƙo sai ya ɗauka ba mu san bambancin ciwon tashi da na ajali ba. Mun sani sarai. A gaban majinyaci ne dai ba a faɗa, kuma akwai waɗanda aikin ganewar yake hannunsu.

Kakata ta wajen uwa tana cikin irin matan da ake aika yaro ya kira idan kwanciya ta yi tsawo a unguwa. Ba ta taɓa tambayar inda ke ciwo. Kwanon kunu take fara dubawa, ta ga ko an taɓa. Sai ta tambayi matar gida yadda mutumin ya yi sallar asuba, a tsaye ko a zaune ko da nuni. Ta kama tafin ƙafarsa ta ji ɗumi ko sanyi, ta kira sunansa sau biyu ta ga ko idonsa zai biyo muryar, sannan ta yi shiru ta saurari numfashi. A wajenta matakan a jere suke. Akwai wanda har yanzu yana iya fita zaure, akwai wanda ya kwanta amma yana karɓar abinci, akwai wanda sai an kwantar an tayar, akwai wanda ya daina gane mutane. Idan ta fito tsakar gida ta ce a nemo saiwa kaza ko a kira wanzami, kowa ya san da sauran fata. Idan kuwa ta matsa kusa da maigida ta ce, "Malam, a aika Zango a gaya wa ɗiyarsa ta zo," to an gama magana. Daga nan sai a kira malami ya karanta Yasin, a juya mutum ya fuskanci alƙibla, a riƙa laƙƙana masa kalmar shahada.

Kada a ɗauka wannan al'adar cikin gida ce kawai. Malamai da alƙalai sun fi kowa buƙatar sanin matakin ciwo, domin hukunci ya rataya a kai. A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, wanda ke cikin ciwon da ake tsoron mutuwa a cikinsa ba ya kyautar da fiye da sulusin dukiyarsa. Ba a ɗaura masa aure a wannan hali, in kuma ya saki matarsa ya mutu a ciwon, tana da gadonta. Duk ɗalibin da ya karanci Risala a zaure ya wuce ta kan waɗannan mas'aloli. Muhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalan ƙasar nan suka yi hukunci da shi shekaru aru-aru, ya ma mayar da ma'aunin ga masana magani: ciwon da suka tabbatar ana yawan mutuwa da shi ne ake nufi, irin tarin fuka da zazzaɓi mai ƙarfi. Ashe tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a masarautar nan, shari'a ta yarda cewa ana iya duban majinyaci a kimanta haɗarin da yake ciki, kuma ta ɗora wa masu ilimin jiki wannan nauyi.

Annoba ta sha gwada wannan sani. Murar 1918 ta sauka Legas a watan Satumba, ta bi layin dogo da bai daɗe da isowa Kano ba, ta bazu a Arewa a zamanin Sarkin Daura Abdurrahman. An ƙiyasta ta kashe mutum wajen dubu ɗari biyar a Nijeriya. Sanƙarau na 1996 ya kama fiye da mutum 100,000, ya kashe sama da 11,000, akasarinsu a Arewa. Amma shi sanƙarau ba ya ɓoye kansa. Wuya ya sanƙare, zazzaɓi ya yi zafi, yaro ya fita hayyacinsa, ko wace uwa ta san lokacin gudu asibiti ya yi.

Korona ce ta zo da abin da ido ba ya kamawa. An tabbatar da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, mu kuma muna jin labari a rediyo muna ganin abin na nesa ne. Ranar 7 ga Afrilu Gwamna Aminu Bello Masari ya sanar da mutum na farko da ta kama a Jihar Katsina, sai ga shi a Daura ne, kuma likita ne mai asibitin kansa a cikin gari, wanda bai daɗe da dawowa daga Legas ba. Sakamakon gwajinsa bai fito ba sai bayan ya rasu. Allah ya jiƙansa. Ranar 11 ga wata aka rufe ƙaramar hukumar Daura, ba shiga ba fita, a tsakiyar zafin bazara, azumi kuma yana ƙofa. A wannan watan ne maƙabartun Kano suka cika da sababbin kaburbura. Da Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ba da bayani a watan Yuni, ya ce an ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona na da hannu a ciki, kuma fiye da rabinsu a gida suka cika. Ta hanyar tambayar iyalai aka gano haka, domin yawancinsu babu wanda ya auna su suna da rai.

Abu biyu suka karya tsohon ma'auninmu. Na farko, cutar tana iya zuƙe iskar oksijin daga jinin mutum yana zaune yana hira, yana shan fura, yana amsa waya, bai ji numfashinsa ya sarƙe ba. Kuma sau da yawa a mako na biyu take juyawa, daidai lokacin da zazzaɓi ya lafa aka fara hamdala. Da kakata tana raye ta duba irin wannan, cewa za ta yi ya tashi. Na biyu, killacewa ta raba majinyaci da masu karanta jikinsa. Tsoron a ɗauke mutum a kai shi inda ba dangi, ya mutu ba wanda ya laƙƙana masa shahada, ya sa gidaje da yawa suka riƙe nasu a ɗaki suna cewa da sauƙi har lokaci ya ƙure. Ban ga laifinsu ba. Na dai ga asarar da aka yi.

Likitocin duniya su ma lalube suka yi da farko. Rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin na watan Fabrairun 2020, kan mutum 44,672 da aka tabbatar sun kamu, shi ya fara raba su: kashi 81 ciwon mai sauƙi ne, kashi 14 mai tsanani, kashi 5 rai a hannun Allah. A cikin 'yan shekara 80 zuwa sama, kusan kashi 15 suka mutu. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka da lamba: baligin da ke numfashi fiye da sau 30 a minti ɗaya, ko iskar jininsa ta sauka ƙasa da kashi 90, nasa ya shiga sahun mai tsanani. Abin da ke auna iskar wata 'yar na'ura ce da ake maƙala wa a yatsa, tana haska jan haske ta cikin farce, cikin daƙiƙoƙi ta nuna lamba. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabarar a farkon shekarun 1970, ya kuma rasu a Afrilun 2020 ɗin nan, Daura tana cikin kulle.

A watan Satumban 2020 masu bincike a Birtaniya suka fitar da ma'aunin da suka kira 4C, bayan nazarin majinyata fiye da 35,000 a asibitoci 260. Abu takwas ake dubawa ranar da aka kwantar da mutum: shekarunsa, namiji ne ko mace, yawan cututtukan da yake ɗauke da su kamar ciwon suga da na zuciya da na ƙoda, saurin numfashi, iskar jini, ko yana cikin hayyacinsa, sai gwajin jini biyu, ɗaya na aikin ƙoda ɗaya na kumburin cikin jiki. A tara maki daga 0 zuwa 21. Masu maki 3 zuwa ƙasa, ɗaya cikin ɗari ne ya mutu. Masu 15 zuwa sama, 62 cikin ɗari. Wanda ya san dubiyar gargajiya zai ga 'yan'uwansa a jerin nan, domin tsufa da numfashi da gane mutane su ne dai abin da tsofaffi ke dubawa. Ƙarin da aka samu shi ne abin da ke cikin jini, da kuma rubutawa yadda ma'aikacin da ya karɓi aikin dare zai ɗora daga inda na rana ya tsaya.

Na ji masu cewa ƙirga wa mara lafiya makin mutuwa shisshigi ne cikin gaibu. Ina girmama tsoron Allah da ke ƙarƙashin wannan magana, amma ban yarda da ita ba. Makin bai san ajalin kowa ba. A cikin ɗarin nan masu maki mafi muni, 38 sun tashi sun koma gida. Amfaninsa shi ne a san wa za a ba gado kusa da tukunyar oksijin, wa za a ɗora a mota zuwa Katsina tun yana iya jure tafiyar, wa za a sallama ya yi jinya a gida. Magani ma ya bi matakin ciwo. Gwajin da aka yi a Birtaniya ya nuna a Yunin 2020 cewa dexamethasone, magani mai araha, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da ɗaya cikin biyar ga masu shaƙar oksijin, amma bai amfani wanda iskarsa ba ta sauka ba. Wanda bai auna ba, ta ina zai san wa zai ba?

Sai dai ma'aunin da aka ɗinka a Birtaniya bai zauna daidai a jikinmu ba. Gwaje-gwajen jinin nan biyu ba a kowane asibitin karkara ake yin su ba. Ita kanta na'urar yatsa, binciken Jami'ar Michigan na Disambar 2020 ya gano tana ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da na farar fata, don haka lamba 92 a yatsan Bahaushe ba abin sakin jiki ba ce. Mafi ciwo shi ne abin da aka wallafa a mujallar Lancet a Mayun 2021, kan majinyata 3,140 masu tsananin ciwo a ƙasashen Afirka goma har da Nijeriya: kashi 48 sun mutu cikin kwana 30, alhali a sauran duniya kimanin kashi 31 ne, kuma rabin waɗanda suka mutu ba su sami oksijin ba. Gane cewa mutum yana cikin haɗari bai tsinana komai ba idan tukunyar babu iska.

Korona ta lafa, amma ciwon huhu bai je ko'ina ba. Duk hunturu yana kwasar jarirai da tsofaffi a ƙauyukanmu, kuma da wannan na'ura da wannan iska ake ceto su. Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, da masu hannu da shuni na masarautar, shi ne kowane ɗakin shan magani ya sami na'urar yatsa mai inganci da ma'aikacin da aka koya wa ƙirga numfashi, kowane babban asibiti kuma ya sami oksijin da ba ya yankewa. Ku kuma masu jinya, ku ci gaba da ce wa mai dubiya da sauƙi, wannan tarbiyya ce. Amma idan likita ne ya tambaya, ku gaya masa ranar da ciwon ya fara da duk abin da kuka gani.