Daga Dakar Zuwa Gore: Tsibirin da Ya Haifi Babban Birni

Yau za mu leƙa ƙasar Senegal, mu bi wata gajeriyar tafiya ta cikin ruwa wadda ba ta wuce minti ashirin ba, amma tarihin da ke bayanta ya haura shekara ɗari biyar.

Duk wanda ya je Dakar yana son ganin tsibirin Gore, tashar jiragen ruwa zai nufa, ya yanki tikiti, ya shiga jirgin fito da mutanen garin ke kira "shalup". Tazarar kusan kilomita uku ce. A cikin jirgin zai tarar da 'yan yawon buɗe ido, da ɗalibai, da mata masu tallar tsakiya da zannuwa, da mazauna tsibirin da suka je cefane birni. Idan ya sauka zai ga wuri ɗan ƙarami, tsawonsa kimanin mita 900, faɗinsa kimanin mita 300, ba mota ko ɗaya, sai lunguna na yashi da tsofaffin gidaje masu jan fenti da ruwan ɗorawa. Mazaunansa a yau ba su kai mutum dubu biyu ba.

Baƙo zai ɗauka cewa Dakar ce uwa, Gore kuma ɗan wurin shaƙatawa ne da aka raɓa mata. To a tarihi abin ba haka yake ba. Gore ce ta riga, daga cikinta aka fita aka kafa Dakar ɗin da muka sani.

Turawan Fotugal ne suka fara isa wurin a 1444, ƙarƙashin wani matuƙi mai suna Dinis Dias. Mutanen yankin suna kiran tsibirin Beer. Abin da ya ja hankalin Turawa shi ne jirgi yana iya tsayawa a gefensa ba tare da igiyar ruwa ta dame shi ba, kuma ruwan da ya kewaye shi ya zame masu ganuwa daga sarakunan gaɓa. A farkon ƙarni na 17 mutanen Holan suka mamaye shi, suka sa masa sunan wani tsibiri na ƙasarsu, daga nan sunan Gore ya samo asali. Faransawa suka ƙwace shi a 1677. Bayan haka ya yi ta sauya hannu tsakaninsu da Ingilishi, har zuwa 1817 da ya koma hannun Faransa bai sake fita ba sai da Senegal ta sami 'yancin kai a 1960.

A duk tsawon wannan lokaci, inda Dakar take yanzu ƙauyukan masunta ne na ƙabilar Lebu. Tsibirin ba shi da isasshen ruwan sha, ba shi da gonaki, don haka kwale-kwalen da ke zirga-zirga a wancan zamani ruwa da gero da itace da dabbobi suke kaiwa Gore daga gaɓa. Masu kuɗi da masu mulki suna tsibiri, gaɓa kuwa ita ce ƙauye. A Gore ne aka sami wasu mata attajirai, ruwa biyu, da ake kira "sinyar", waɗanda suka auri Turawa bisa al'adar wurin, suka mallaki gidaje da jirage da bayi. Yawancin gidajen dutsen da ake ɗaukar hotonsu a yau su da iyalansu suka gina, da gumin bayinsu.

Me ya juya al'amarin? Ciniki ne. Da aka hana fataucin bayi ta teku a farkon ƙarni na 19, sannan Faransa ta soke bauta a yankunanta a 1848, sai gyaɗa ta zama hajar da ake nema. Gyaɗa kuwa tana buƙatar rumbuna da fili da hanyar shiga cikin ƙasa, abubuwan da tsibiri mai faɗin mita 300 ba zai iya bayarwa ba. A 1857 kwamandan Gore, Protet, ya tsallaka da sojoji ya kafa tutar Faransa a Dakar. A 1885 aka buɗe layin dogo tsakanin Dakar da Saint-Louis. A 1902 Dakar ta zama hedikwatar dukan yankunan Faransa na Afirka ta Yamma, waɗanda Nijar take cikinsu. 'Yan kasuwa suka yi ta kwashe kayansu suna komawa gaɓa, har ta kai a 1929 an haɗe Gore cikin hukumar birnin Dakar. Ɗan da aka haifa ya girma ya ɗauki uwarsa ya goya.

Duk da haka tsibirin bai mutu ba. A nan aka haifi Blaise Diagne a 1872, wanda a 1914 ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin Faransa. Sannan a 1913 aka mayar da babbar makarantar horon malamai ta yankin zuwa Gore, wadda daga baya aka sa mata sunan William Ponty. Ta zauna a nan har ƙarshen shekarun 1930. A nan ne labarin ya taɓo mu. Yara ƙalilan da suka yi fice a makarantun Nijar da Mali da Kwaddibuwa da Gini, a wannan jirgin fito suke ƙarasa tafiyarsu ta makonni. Boubou Hama, ɗan yankin Tera, yana cikinsu. Ya koma gida a 1929 a matsayin malamin makaranta, daga baya ya shugabanci majalisar dokokin Nijar, ya rubuta littattafai masu yawa, ya kuma yi ɗawainiyar tattara tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami a Yamai. Modibo Keita na Mali da marubuci Bernard Dadié na Kwaddibuwa su ma sun bi ta wannan makaranta.

Akwai wani abu game da Ponty da ya kamata mai koyon rubutu ya sani. Ana ɗora wa ɗalibai aikin hutu: kowa in ya koma gida ya bincika wata al'ada ta mutanensa, aure ko abinci ko magani ko tatsuniya, ya rubuto. Suna kuma tsara wasannin kwaikwayo daga tarihin garuruwansu. Turawa sun yi haka ne don amfanin mulkinsu, amma da yawa daga marubutan farko na yankin a nan suka gane cewa abin da kakarsu ta sani ma abin rubutawa ne.

Sai mu zo ga abin da ya sa yawancin mutane ke shiga jirgin a yau, wato Gidan Bayi. An gina shi a ƙarshen ƙarni na 18, mallakar iyalan Pépin ne. Ƙasa ɗakuna ne ƙanana masu duhu, sama kuma wurin zaman masu gida, ga matakala biyu masu lanƙwasa, ga wata ƙofa da ke kallon teku wadda ake kira ƙofar da in an fita ba a dawowa. An mayar da shi gidan tarihi a 1962, kuma mutum ɗaya ne ya ɗaukaka sunansa: Boubacar Joseph Ndiaye, tsohon soja, wanda ya kula da gidan yana ba baƙi labari har rasuwarsa a 2009. Hukumar UNESCO ta sa Gore cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Paparoma John Paul na Biyu ya je a 1992 ya nemi gafara kan cinikin bayi. Shugabannin Amurka Clinton da Bush da Obama duk sun taka tsibirin.

Amma akwai gardama. Ndiaye yakan ce miliyoyin bayi ne suka bi ta Gore. Masana irin su Philip Curtin, wanda ya wallafa littafin ƙididdigar bayin Atlantika a 1969, suka ce takardun jirage ba su nuna haka ba: a galibin shekaru ɗaruruwa ne ke fita daga tsibirin, kuma gaba ɗayan waɗanda aka ɗora a jirage daga dukan gaɓar Afirka kimanin miliyan 12 da rabi ne, mafi yawansu daga Angola da Kwango da gaɓar Binin da Biyafara. A 1996 jaridar Le Monde ta buga wani rubutu da ya kira labarin gidan tatsuniya, ran mutanen Senegal ya ɓaci, har aka kira taron masana a Gore a 1997. Wani masanin tono kayan tarihi ɗan ƙasar, Ibrahima Thiaw, ya yi aiki a tsibirin, bincikensa ya jawo hankali ga waɗanda aka fi mantawa: bayin gida, da ba a taɓa ɗora su a jirgi ba, waɗanda suka yi gini da girki da tuƙin kwale-kwale, suka mutu a nan.

Ni a ganina kowane ɓangare yana riƙe da wani abu. Gaskiya ne an sayar da mutane a Gore, kuma jikan bawan da ya taso daga Amurka ko Burazil ya tsaya a ƙofar nan yana kuka, ba ƙarya yake kuka a kanta ba. Amma ƙara adadi bai ƙara wa mamatan daraja ba, sai ma ya ba masu musu ƙofar da za su ce duka labarin ƙirƙira ne. Hausawan da aka kai Bahiya ta Burazil, waɗanda suka yi tawaye a can a farkon ƙarni na 19, ba ta Gore suka bi ba, ta tashoshin gaɓar Binin irin su Wida da Legas aka fitar da su. Wanda ya rubuta labari ya bi da su ta Gore don wurin ya fi suna, ya ɓatar da sawun kakanninsa da hannunsa.

Mu ma muna da irin waɗannan wurare: kasuwar Kurmi, ganuwar Kano, Gobarau, fadar Damagaram. Kowanne yana da labarin da ake ba baƙo, da kuma wanda ke cikin takardu da bakin tsofaffi. In za ka rubuta, ɗan uwa, ka saurari na farko da ladabi, ka nemi na biyu da haƙuri, sannan ka gaya wa mai karatu wanne ne wanne. Allah Ya kai mu mako mai zuwa.