Hotunan Bangon Kakanninmu a Nima

Duk wanda ya tashi a Nima ko Maamobi ya san su: Ka'aba a tsakiya, Buraƙa da fukafukanta a gefe, Shehu Tijjani tare da barewa, Shehu Ibrahim Inyass da farin rawani. A ɗakin kakata sun kai bakwai, hayaƙin gawayi ya rine su. Da ta rasu aka share ɗakin, shida suka tafi bola. Ɗaya na tsira da shi.

Wannan ɗayan ne ya sa ni bin sawun takardun nan. Asalin fasahar daga Jamus take. A 1796 wani mutum mai suna Alois Senefelder ya gano bugun dutse: a yi zane da tawada mai maiƙo a kan sumul ɗin dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, sai tawadar bugu ta kama inda maiƙo yake kawai, sannan a danna takarda. Kowane launi da nasa dutsen, shi ya sa hoto mai launi goma yake aikin dutse goma. Madaba'un Alƙahira suka karɓi sana'ar, suka riƙa buga hotunan wurare masu tsarki da na waliyyai. Alhazan da suka bi ta ƙasa, ta Kano da Cadi da Sudan, su suka riƙa dawowa da su a nannaɗe cikin kaya, tsaraba mara nauyi mai kuma tsada a zuciya.

Turawan mulki ba su raina takardun nan ba. Gwamna Janar na Faransa da ke Dakar, William Ponty, ya tashi haiƙan don hana shigo da su, yana ganin suna ƙara wa malamai farin jini. Mutanen Senegal kuwa sai suka koma kwafar hotunan da fenti a bayan gilashi, sana'ar da har gobe ake yi a can.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne labarin Mami Wata. Matar nan mai tulin gashi da maciji a wuya, wadda ake sayarwa a kasuwanninmu kusa da hotunan Makka, hoton talla ne na wata mai wasa da macizai, wanda aka buga a Hamburg wajajen 1885. A 1955 'yan kasuwa daga Kumasi suka aika da kwafinsa Bombai, kamfanin Shree Ram Calendar ya sake buga dubu goma sha biyu. Jamus ta zana, Indiya ta buga, Kumasi ta rarraba, mu kuma muka raɗa mata suna.

Hotunan Shehu Ibrahim na Kaulaha sun zo daga baya, bayan ziyarce-ziyarcensa Kumasi da Akra a shekarun 1950. Da ya rasu a Landan a 1975, buƙatarsu ta ƙaru. Na san akwai malaman da ba su yarda da rataye hoton mai rai ba, kuma wannan saɓani ya sauke hotuna da dama daga bango. Ni ba fatawa nake bayarwa ba. Amma ko wanda ya sauke, da ya adana a akwati maimakon ƙonawa, domin takardar shaida ce ta hanyar da kakanninsa suka bi.

Masu tara irin wannan kaya suna da ƙa'idarsu. Sukan ɗora gilashin ƙara girma: tsohon bugun dutse ɗigonsa a warwatse yake kamar yashi, na injin zamani kuwa a jere yake reras. Sannan su duba ƙasan takardar, inda madaba'a ke sa sunanta da garinta. A nan darajar take, kuma nan ne masu sa firam suka fi yankewa don takarda ta shiga katako.

Na kai Buraƙar kakata wajen wani dattijo mai sayar da littattafai da carbi a bakin masallaci a Maamobi. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Ɗana, wannan ta girme ka, ta girmi ubanka. Amma wa ya yanke mata ƙafa?" Gefen ƙasa babu shi. Ya ce a ganinsa bugun Masar ce, sai dai ba zai rantse ba.