Ayarin PQ 17 da farautar da ake maimaitawa a kwamfuta

Tun 2005 kamfanin Ubisoft ya fitar da wasan kwamfutar nan mai suna Silent Hunter III, amma har yau akwai masu raba dare a kansa. Wasan yana ɗora mutum a matsayin kwamandan jirgin yaƙi mai nutso na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. In ya shiga runduna ta 11 da ke Bergen a ƙasar Norwe, yana iya nausawa arewa zuwa tekun ƙanƙara, ya yi wa jiragen dakon kaya kwanton ɓauna. Aikin sai mai haƙuri: a kasa kunne ga ƙarar injin jirgi daga nesa, a ɗaga madubin leƙe, a ƙiyasta gudu da tazara, a saki nakiya, sannan a nutse kafin jiragen rakiya su fara ruwan bama-bamai. In an dawo tasha, abin da ake ƙirgawa shi ne nauyin jiragen da aka nutsar. Mutanen da ke cikinsu kuwa ba su cikin lissafi.

Wannan farautar tana da tushe a tarihi. Bayan Hitila ya afka wa Tarayyar Sobiyet a watan Yuni 1941, Birtaniya, daga baya kuma Amurka, suka ɗauki nauyin kai mata tankoki, jiragen sama da man fetur. Hanya mafi kusa ita ce ta zagaye arewacin Norwe zuwa tashoshinta na Murmansk da Arkhangelsk, alhali Norwe tana hannun Jamusawa. Ayarin jiragen kaya na farko ya isa a ƙarshen Agusta 1941, kuma zuwa 1945 an yi ayari 78. Da hunturu ƙanƙara takan daskare a saman jirgi har sai an sa gatari, wanda ya faɗa ruwa kuma mintoci kaɗan gare shi. Da bazara rana ba ta faɗuwa, don haka babu duhun da za a ɓuya a ciki.

A irin wannan hasken ne ayarin PQ 17 ya taso daga Aisland ranar 27 ga Yuni 1942. Har zuwa 4 ga Yuli yana tafe a dunƙule, masu rakiya suna kora masa hari, asara kaɗan ce. A daren nan sai saƙo ya zo daga Landan. Babban hafsan sojan ruwan Birtaniya, Dudley Pound, yana tsoron cewa ƙaton jirgin yaƙin Jamus, Tirpitz, ya fito, sai ya umarci jiragen rakiya su juya yamma, ayari kuma ya watse, kowa ya yi ta kansa. A lokacin Tirpitz bai ma baro gaɓar Norwe ba. Da ya fito washegari, bai yi nisa ba aka ce ya koma, domin jiragen nutso da jiragen sama sun riga sun samu abin da suke so: jiragen kaya ɗaiɗai, kamar raƙuman da suka rabu da azalai. Cikin jirage 35 an nutsar da 24. Tankoki 430, jiragen sama 210 da motoci 3,350 suka tafi ƙasan teku, matuƙa 153 suka mutu. A ganina Landan ce ta ba Jamusawa wannan nasara a hannu, tun da wanda ke zaune a ofis ya ƙwace hukunci daga waɗanda ke kan ruwa.

Labarin da ya fi cancanta a sani shi ne na Leo Gradwell, lauya da yaƙi ya mayar sojan ruwa, yana jan wani ƙaramin jirgin kamun kifi da aka ɗaura wa bindiga, Ayrshire, cikin masu rakiyar ayarin. Da aka ce a watse, shi sai ya tattara jiragen kaya uku, Silver Sword, Ironclad da Troubadour, ya kutsa da su cikin ƙanƙara inda jirgin nutso ba zai iya bi ba. Suka tsaya cik, aka shafe jiragen da farin fenti don kada a hango su daga sama, aka juya bakin bindigogin tankokin da ke ɗaure a samansu saboda ko-ta-kwana. Daga nan suka lallaɓa ta gaɓar tsibiran Novaya Zemlya, kuma dukkansu sun isa Arkhangelsk.

Su ma mafarautan ba su sha da daɗi ba. Cikin kimanin mutum 40,000 da suka yi aiki a jiragen nutso na Jamus a yaƙin baki ɗaya, kusan kashi uku cikin huɗu ba su koma gida ba. Mai wasa yana iya danna maɓalli ya gaggauta lokaci, ko ya sake farawa in an nutsar da shi, kuma wasan ya yi ƙoƙari wajen nuna yadda ake lissafin hari. Sai dai duk wanda ya ƙware a kansa ya kamata ya nemi tarihin waɗanda ke ɗaya gefen madubin. Gwamnatin Birtaniya ba ta ba matuƙan waɗannan ayarori lambar yabo tasu ta musamman, Arctic Star, ba sai a 2013, lokacin da mafi yawansu sun riga sun rasu.