Daga Burmi Zuwa Mai Wurno: Tarihin Gudun Hijira a Kan Allon Aji

Ranar 27 ga Yulin 1903 sojojin Birtaniya suka auka wa Burmi, wani gari mai ganuwa kusa da Bajoga a jihar Gombe ta yau. A nan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kwanta dama tare da ɗaruruwan mabiyansa, wata huɗu bayan faɗuwar Sakkwato. Malamin tarihi yakan rufe babin zuwan Turawa a wannan gaɓa. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda suka tsira ba gida suka nufa ba, gabas suka fuskanta.

Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya ja ragamar ayarin. Suka bi tsohuwar hanyar alhazai ta yankin Tafkin Chadi, Wadai, Darfur da Kordofan, a ƙafa da kan dabbobi, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago don samun guzuri. Wajen 1906 suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan, inda hukuma ta ba su wurin zama. Hukumar kuwa a hannun Turawan Ingila take, wato waɗanda suka guda tun farko. Matsugunin ya zama gari, sunansa Mai Wurno har gobe. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka dogara ƙwarai da ƙarfin Hausawa, Fulani da Barebari, waɗanda mutanen Sudan ke kira Fallata.

Wannan labari yana da amfani na musamman ga malamin yau. Darasin tarihi ya yi fiye da shekara goma ba ya cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya kafin a dawo da shi, kuma ya dawo ya tarar da aji ya canza. A Maiduguri, Gusau, Diffa da Maraɗi akwai ɗaliban da aka kora daga ƙauyukansu, zaune a benci ɗaya da waɗanda hoton tantuna kawai suka sani. Malamin da ya fara da Burmi yana nuna wa kowa cewa jikokin masu mulki ma sun taɓa ɗaukar kaya a ka, kuma abubuwa uku na iya fitowa daga darasin.

Na farko, ma'anar kalma. A Hausa hijira tana da daraja: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta daga Degel zuwa Gudu a 1804, Attahiru ma da sunanta ya fita. Amma da an ce ɗan gudun hijira, sai tausayi ko raini ya shigo. Doka kuma tana da nata rabe-raben. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta taƙaita ga abubuwan da suka faru kafin shekarar, da Turai a zuciyar masu rubuta ta, sai a 1967 aka cire wannan iyaka. A 1969 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta faɗaɗa ma'anar ta haɗa da wanda mamayar baƙi ko rushewar zaman lafiya ta kora. Wanda bai ƙetare iyakar ƙasarsa ba kuwa, Yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce ta yi magana a kansa. Ɗalibai na iya auna mutanen Burmi da kowane ma'auni, su ga wanne ya karɓe su, sannan su auna mutumin Gwoza da ya tsaya a Maiduguri da ɗan'uwansa da ya shiga Kamaru.

Na biyu, tsawon zama. Ana kafa sansani da niyyar 'yan watanni, sai shekaru su ci shi. An buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo a arewacin Kamaru a 2013 don 'yan Najeriyar da rikicin Boko Haram ya kora; yaran da aka haifa a shekarar farko sun kai shekarun shiga sakandare. Sansanin Oru a jihar Ogun ya karɓi 'yan Laberiya a 1990, kuma bayan an rufe shi a hukumance wasu ba su tafi ba. Ajiye waɗannan kusa da Mai Wurno yana haifar da tambaya mai kyau: yaushe sansani ke zama gari? Ɗalibai za su gano alamun da kansu, daga kasuwa da makaranta zuwa maƙabarta.

Na uku, takarda. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta jingina asali da zaman kakanni a ƙasar tun kafin 1898. Mutanen Burmi sun iso bayan haka, don haka jikokin da ba su san wata ƙasa ba suka daɗe suna fama da tambayar ko su 'yan ƙasa ne. Yammacin Afirka ma ya ga irin wannan. A 1969 Ghana ta kori baƙin da ba su da izinin zama, cikinsu har da Hausawan zango da aka haifa a can, a 1983 kuma Najeriya ta kori fiye da mutum miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Ghana. Wanda aka kora jiya shi ya yi kora yau, kuma ɗalibin da ya ga hakan zai yi wa kalmar baƙo wani sabon kallo.

Aikin ba ya bukatar kayan tsada. Taswira a kan allo ta isa a bi hanya daga Sakkwato zuwa Sinnar, a ƙidaya iyakokin da matafiyin yau zai ƙetare. Ana iya tura ɗalibai su tambayi kakanninsu daga ina gidan ya taso, me ya tashe shi, wa ya ba shi masauki. A kusan kowane gida akwai labarin yunwa, yaƙi, fatauci ko almajiranci. Sharaɗi ɗaya ne bai kamata a karya ba: kada a tsayar da yaron da ya gudo daga ƙauyensu a ce ya ba aji labari. Idan ya so, zai faɗa. Amfanin farawa da 1903 shi ne nisan zamanin yana ba shi inuwa, ya ji ana maganar abin da ya same shi ba tare da an nuna shi da yatsa ba.

Babin kuma bai rufe ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya kai jihar Sinnar a 2024, mutane suka watse daga garuruwan gaɓar kogin. Yankin da ya ba mutanen Burmi masauki fiye da ƙarni ɗaya da ya wuce, yau mazaunansa ne ke neman wanda zai sauke su.