Masu Farautar Ɓarawon Wuta a Adakpame

Duk wanda ya san tarihin Hausawan Lome ya san cewa fataucin dabbobi da goro ne ya kafa su a bakin tekun nan tun zamanin Jamus, kuma tsohon Zangonsu na tsakiyar gari ya zauna har shekarar 1977, lokacin da hukuma ta rushe shi ta mai da mutanensa arewacin birni; amma abin da ba a cika ambata ba shi ne, tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1968 ta yi ta janyo jama'a gabas, zuwa unguwanni irin su Adakpame, inda sannu a hankali mota ta gaji saniya wajen zama hajar fatake.

Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin mafi yawan mutane, sai gwanjon motocin Turai ya cika filayen da ke kewaye da tashar, alhazan Maraɗi da na Birnin Ƙonni suka riƙa sauka saye. To, motar da ta yi makonni cikin jirgi, ta ƙara wasu a fili ƙarƙashin rana, da wuya a murɗa mata makulli ta amsa, kuma a nan masu gyaran wuta suka sami abin yi, domin mas'alar tana bukatar tahƙiƙi: shin batir ne ya tsufa, ko kuwa wani abu ne yake shan wutarsa a ɓoye alhali mota tana kashe?

Alal haƙiƙa wannan illa ta girmi tashar. Tun da kamfanin Cadillac ya sa wa motocinsa abin tayarwa na lantarki a 1912, aka fara hutawa da juya inji da hannu, direba ya zama bawan batir. A zamanin dainamo, na'urar da take cajin batir, akwai wani ɗan makunni da yake yanke hanya idan inji ya tsaya, wanda in ya manne sai wuta ta koma baya ta ƙare kafin asuba. Da altaneta ta yaɗu bayan 1960, laifin ya koma kan diyod ɗinta idan ya ƙone. Duk da haka, a kwanakin Peugeot 404 da 504 waɗanda ake zargi ba su da yawa, kuma hujjar maigidan gareji ƙwan fitila ɗaya ce da ya ɗaura wa waya biyu. Sai ya kwance kan batir na ƙasa, ya sa ƙwan a tsakani. In ya kama, ɓarawo yana ciki. Sa'an nan ya ce, “Yaro, zare fiyus ɗaya ɗaya,” shi kuwa idonsa yana kan ƙwan, har a zo kan wanda zare shi yake kashe hasken. Sau da yawa fitilar but ce ba ta mutuwa, kuma ƙiyasin mai sauƙi ne, domin ƙwai mai wat 5 yana cin kusan amfiya-awa 10 a kwana guda daga batir mai 60.

Motocin baya-bayan nan, masu kwamfuta a kowane lungu, su ne suka rusa wannan ƙa'ida, saboda ko an kashe su ba sa barci nan take, wasu sai bayan rabin sa'a, kuma buɗe ƙofa ko zare fiyus yana farkar da su, ta yadda mai gaggawa zai yanke hukunci kan marar laifi. Dole mita ta maye gurbin ƙwai: a danne sakatar ƙofa don motar ta zaci a rufe take, a jira, in abin da take sha ya sauka ƙasa da miliamfiya 50 a wanke ta. A ganina batura da dama an yar da su bisa zalunci, alhali rediyo ko ƙararrawar ɓarayi da wani ya jona kai tsaye ne sababi, ko kuma laimar teku da ƙura da suka kwanta a saman batir suka zama hanyar da wuta take zurarewa.

Su kuwa direbobin da suke kora motocin ta Sinkase zuwa Yamai, ba su da lokacin bincike. In za su kwana sai su cire kan batir, ko da yake rediyon wasu motocin yakan kulle kansa bayan haka, ya nemi lambar sirrin da ta rage a Turai wurin mai motar na farko.