Babur Mai Bugu Biyu a Kano: Nazarin Injin AX100 da Matsalar Baƙin Mai a Gyadi-Gyadi da Tarauni

Tsakure

Maƙalar ta duba ƙirar injin Suzuki AX100, wanda kamfanin Jincheng na birnin Nanjing a ƙasar Sin ya riƙa ƙera irinsa har ya cika titunan Kano. Hujjarta ita ce hayaƙi da saurin lalacewar da ake zarginsa da su sun fi alaƙa da yadda ake ba shi baƙin mai fiye da ƙirarsa.

Ƙirar Injin

Silinda ɗaya gare shi, iska ke sanyaya shi, giyarsa 4, ana tayar da shi da ƙafa. Faɗin silindar milimita 50 ne, tafiyar fistin ma milimita 50, abin da ke ba da sisi 98. Ƙarfinsa kan kama daga doki 8 zuwa 10, gwargwadon inda aka haɗa shi. Tun da fulogi na tartsatsi a kowane juyi guda na karanshaf, babur ɗin na da zafin tashi fiye da mai bugu huɗu da ke daidai girmansa. Ba shi da bawul, ba shi da sarƙar tayimin. Fistin da kansa ke buɗe ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi. Shi ya sa makaniki a gefen Titin Zariya kan sauke kan injin, ya sauya zobe, ya mayar, mai babur na zaune a benci yana jira.

Batun Baƙin Mai

A nan gizo ke saƙa. Wannan inji ba ya ajiye baƙin mai a cikinsa, ƙona shi yake yi tare da fetur. Kamfanin ya sa masa famfo da tanki na daban, kuma famfon na bin totur: a hankali kaɗan, a guje da yawa. Amma da famfon ya fara ba da matsala, yawanci akan cire shi ne, a koma tsiyaya man cikin tankin fetur da ƙiyasin ido. Ko an auna daidai, a ce kashi 1 cikin 25, wato mililita 40 a kowace lita, ma'aunin ba ya canzawa. A cunkoson mahaɗar Gyadi-Gyadi, inda injin ke aiki a tsaye, sai man ya yi yawa. Fulogi ya yi baƙi ya jiƙe, gawayi ya toshe bakin salansa, gudu ya ragu. Abin ya fi muni idan aka zuba baƙin man mota maimakon 2T, wato baƙin man injin bugu biyu, domin ba a yi na mota don ƙonawa ba. Ƙurar hunturu kuma, in soson iska ya yage, kai tsaye take wucewa ta kan boris ɗin karanshaf kafin ta kai silinda.

Halin da Ake Ciki

Hana acaɓa da gwamnatin Kano ta yi a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, da kuma yaɗuwar Bajaj Boxer mai bugu huɗu, sun rage yawan AX100 ƙwarai. Waɗanda suka rage a Tarauni na hannun masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma a ganina su ne suka fi cancantar a taimaka. Maƙalar na ba da shawarar ƙungiyoyin makanikai su koya wa yaransu gyaran famfon baƙin mai da saita wayarsa, sannan inda ya mutu gaba ɗaya a riƙa auna 2T da kofi mai lamba.