Tafiyar farko a jirgin ruwa daga Gaya: lokaci, shiga jirgi da wuraren tsayawa

Mutanen Bana, Bengu da Yelu sun fi sanin mota da babur, domin garuruwansu na cikin dallol ne, ba bakin kogi ba. Amma duk wanda harkarsa ta kai shi Gaya, wata rana sai ya shiga jirgi: ko don cin kasuwar Malanbil, ko biki a Tanda, ko ziyarar dangi wajen Lolo da Illo a Najeriya. Wannan bayani na wanda zai yi tafiyar a karon farko ne, shi kaɗai ko da iyalinsa. Lafiyar tafiyar ruwa tun a bakin gaɓa ake shirya ta. In jirgi ya kai tsakiyar kogi, fasinja ba shi da sauran zaɓi.

Kogin da hanyoyinsa

Kogin Isa, wanda Hausawan Najeriya ke kira Kwara, ya taso daga tsaunukan Gini, tsawonsa ya kai wajen kilomita 4,200, kuma kimanin 550 daga ciki na ƙasar Nijar ne. Daga Bumba, inda kogin Mekuru ya faɗa cikinsa, har zuwa iyakar Najeriya, shi ne ya raba Nijar da Benin. Ma'ana, duk wanda ya tashi daga Gaya a jirgi yana tafiya ne a kan iyaka.

Hanyoyi uku ne. Ta farko tsallakawa zuwa Malanbil, wadda ba ta da nisa. Ta biyu haurawa sama wajen Tanda, tsibirin Lete, Karimama da ke ɓangaren Benin, sannan Bumba. Ta uku gangarawa wajen Dole, a shiga jihar Kabi ta Najeriya, a bi ta Lolo da Illo har Yawuri.

Akwai gada tsakanin Gaya da Malanbil tun 1958, aka ƙara ta biyu a ƙarshen shekarun 1980. Rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya mayar da jama'a da kayansu kan kwale-kwale, har da waɗanda ba su taɓa shiga jirgi ba. Tunda dokokin tsallakawa kan sauya, a tambayi 'yan sanda ko jandarmomin Gaya halin da ake ciki kafin a baro gida.

Wane lokaci ya fi

Kogin kan cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta damina ce, wajen Agusta da Satumba, lokacin da ruwan ke yin ja saboda laka. Ruwan na da ƙarfi, yana ɗauko itace da ciyawa, ga hadari da iska da kan taso ba zato. Cika ta biyu ruwan Gini ce, wadda ke daɗewa a hanya cikin fadamun Mali kafin ta iso ƙasarmu tsakanin Disamba da Fabrairu. Wannan ruwa ya fi natsuwa, sama ba hadari, zafi kuma da sauƙi. Ga mai tafiyar farko, musamman da yara ko tsofaffi, lokacin sanyin nan ya fi. Matsalarsa hazo ne da sanyin asuba, don haka a ɗauki rigar sanyi.

Daga Afrilu zuwa Yuni ruwa kan ja baya ƙwarai. Yashi da duwatsu na fitowa, babban jirgi kan kafe, a ce fasinjoji su sauka su tura. Tafiyar da ake yi a wuni ɗaya lokacin cika tana iya cin kwana a bazara.

Irin jiragen

Akwai ƙaramin kwale-kwale da ake tuƙawa da filafili ko gora, na masunta da masu tsallakar da mutane kaɗan. Akwai kuma dogon jirgin katako mai inji, wanda ake kira pinas, mai ɗaukar mutane, buhuna, babura har da dabbobi. Wani na da rumfa, wani babu. Mafi yawansu ranakun kasuwa suke bi, kuma ba su da tsayayyen lokacin tashi: sai sun cika.

Iyali ko ƙungiya na iya ɗaukar shatar jirgi gaba ɗaya. Ya fi tsada, amma ku ke da ikon lokacin tashi, yawan kaya da wuraren tsayawa. In za a yi shata, a daddale a gaban shaida: kuɗin ya haɗa da mai ko a'a, da dawowa, da jiran da matuƙi zai yi a kowane zango. A ba da rabi a farko, sauran bayan an dawo.

Abin da za a riƙa

Katin ɗan ƙasa ko fasfo, da katin rigakafin shawara ga mai shiga wata ƙasa. In da yara, a ɗauki takardar haihuwarsu. A sa takardu, kuɗi da waya cikin leda mai kauri, a ɗaure, a riƙe a jiki, ba cikin jakar da za a danne a ƙarƙashin buhuna ba. Sefa na aiki a Nijar da Benin. Daga Lolo zuwa ƙasa kuwa naira ake so, kuma gara a yi canji tun a Gaya. A tanadi ƙananan kuɗi don 'yan dako da kabu-kabu.

A ɗauki ruwan sha isasshe, abinci marar saurin lalacewa, hula ko lema, da gidan sauro in za a kwana. Kada a sha ruwan kogi, kada kuma a bar yara su yi wanka a gefen da ruwa ke kwance cikin ciyawa, nan ake ɗaukar tsargiya. Mai shan magani kullum ya riƙe na ƙarin kwana biyu.

Shiga jirgi

Wanda zai taso daga Bana ya yi sammako, ko ya kwana Gaya. Zuwa da wuri na ba mutum damar ganin jirgin tun ba a loda shi ba. A duba abu huɗu. Shin ƙasan jirgin a bushe yake, ko ana ta kwalfe ruwa tun bai tashi ba? Akwai filafili da gora ko da inji zai mutu? Akwai rigunan ceto, kuma sun isa? Na ƙarshe, wanda ya fi kowanne: bayan an gama lodi, nawa ya rage tsakanin bakin jirgi da ruwa? In tazarar ba ta kai kamu ɗaya ba, a sauka. Asarar kuɗin jirgi ta fi asarar rai sauƙi.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya tsage a kusa da Wara, jihar Kabi, mutane da yawa suka rasu. A watan Yunin 2023 sama da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki da dare. A hatsarin Wara an yi maganar yawan lodi da tsufan jirgi, a na Patigi yawan lodi da tafiyar duhu. Saboda irin haka ne hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa a Najeriya ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ceto. Mai yawan bin kogi ya sayi tasa; ta yaro kuma ta zama daidai jikinsa.

Kaya masu nauyi ke fara shiga, a shimfiɗa su ƙasa a tsakiya. Mutane su shiga ɗaya bayan ɗaya, a taka tsakiyar jirgi ba gefensa ba. Yara su zauna tsakanin manya. Uwa ta kwance goyo ta rungume jaririn a gaba. A nisanci jarkokin mai, kada a kunna sigari. In jirgi ya karkata ko ruwa ya fantsamo, kowa ya zauna inda yake: tashi a ruga gefe ɗaya shi ke kifar da jirgi. In an hangi dorina, a yi shiru a bar matuƙi ya yi aikinsa. Mai ɗa ce ta fi haɗari, kuma sarkawa sun san wuraren da suke kwanciya.

Zaɓen wuraren tsayawa

Kuskuren mai tafiyar farko shi ne son ganin ko'ina a rana ɗaya. Zango ɗaya ko biyu sun isa, kuma a lissafa yadda za a iso masauki kafin magariba. Haurawa ta fi gangarawa cin lokaci da mai.

Malanbil ta mai sayayya ce. Kasuwarta na cikin manyan kasuwannin Benin, ta hatsi, albasa, doya, gari da atamfa. A tuna duk abin da aka saya nauyi ne a jirgin dawowa, kuma duwan na da hakkin dubawa.

Tsibirin Lete na mai son tarihi ne. Shi ne mafi girma a tsibiran wannan yanki, makiyaya da manoma ke zaune a kansa, kuma Nijar da Benin sun yi jayayya a kansa tun farkon shekarun 1960. Ranar 12 ga Yulin 2005 Kotun Duniya da ke Hague ta yanke hukunci: cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Darasin da ke nan ga matafiyi shi ne, tsibirin da ke gabanka na iya zama na wata ƙasa, don haka a tambayi matuƙi kafin a sauka.

Bumba, a gundumar Falmey, nan ne aka gwabza yaƙin 1896 da jarumin Zabarmawa Isa Korombe ya rasu a cikinsa. Daga nan gandun dajin W ke farawa, wanda ya samo sunansa daga lanƙwasar da kogin ya yi kamar harafin W. An kafa shi a 1954, UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996. A da masu yawon buɗe ido kan bi ta ruwa su ga giwaye da ɓauna suna shan ruwa. Shekarun nan 'yan bindiga sun samu mafaka a dajin, don haka ba wurin zuwa ba ne sai da izinin hukuma da na jami'an gandun daji.

Gangarawa Najeriya ta mai dangi ce ko ɗan kasuwar kifi. Yawuri na da nisa, kuma daga can kogin ke buɗewa ya zama tafkin Kainji, wanda madatsar da aka kammala a 1968 ta haifar. Iska na tayar da igiyar ruwa a wurin fiye da yadda aka saba gani a Gaya. Mai tafiyar farko ya tsaya a zangon kusa.

Ko'ina aka sauka, a gaida mai gari ko sarkin ruwa, a nemi izini kafin ɗaukar hoton mutane, kada kuma a ɗauki hoton gada ko shingen jami'an tsaro. A karɓi lambar matuƙi, a san ainihin inda jirgi zai jira.

Kafin a tashi, a bar wa wani na gida sunan matuƙin, inda aka nufa da lokacin da ake sa ran dawowa, domin layin waya kan ɗauke ko ya koma na Benin a tsakiyar kogi. In la'asar ta yi sanyi jirgi bai tashi ba, a kwana a bi na safe.